Baƙin Alhaji Sale a Dutsen Nibo

Tun da muka dawo daga Jodan ban huta da tambaya ba. Matan unguwarmu ta Zahir a nan Makka sun tambaya, 'yan uwa na Kano sun tambaya ta waya, har ƙawata Hadiza da babu ruwanta da tarihi cewa take, “Ke Rabi, wai da gaske mutum ba ya nutsewa a tekun nan?” Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta, a bar ni in sha ruwa.

Gaskiyar magana, ba don kallon duwatsu muka yi tafiyar nan ba. Don kakana Alhaji Sale muka yi ta. A nan Makka aka haife shi, mahaifinsa ne ya taho daga ƙasar Kano a ƙafa, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Duk rayuwarsa hidimar alhazan Hausa ya yi. Shi ne tarbo su, shi ne kai su ɗawafi, shi ne nemo tsohuwar da ta ɓata a Mina. Gidansa na unguwar Misfala kuwa ba a rufe ƙofarsa. Da ya ji mutum ya yi Hausa a hanya, kafin ya tambayi sunansa ya riga ya ce, “Gidana za ka sauka.” Mahaifiyata 'yarsa ce, aure ya kai ta Kano, can na tashi. Ni ma aure ne ya dawo da ni Makka, da mijina Malam Nura ya samu karatu a nan.

Sai aikin faɗaɗa hanya ya bi ta kan gidan. 'Ya'yansa suka mayar da shi wani bene mai kyau a Zahir, ga sanyi ga tsabta, amma ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Alhazan yanzu kuma otal suke sauka, waya ce ke nuna musu hanya. Tsoho ya yi shiru. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Da, in na shigo na ce, “Maigida, ka ba da na cefane?” sai ya ce, “Ke amarya, tuwonki ne ba ya ciyuwa.” Aka wayi gari sai ya dube ni kawai ya ce, “Sannu Rabi.” Likita ya duba bai ga komai ba. Ni dai tsoro ya kama ni sosai, don na ga kakana yana tafiya alhali yana zaune.

Kawu Faisal, autansa, shi ya kawo shawarar a fita da shi ya ga duniya, tunda ga mota. Nura ya ce wa tsoho za mu je inda aka ce Annabi Musa ya tsaya. Alhaji bai ce to ba, bai ce a'a ba, “Ɗayyib” kawai ya ce, muka ɗauka amincewa ce.

Bayan asuba muka kama hanya. Muka yi ziyara a Madina muka kwana, washegari muka miƙa arewa ta wajen Ula. Hanyar nan ba ta ƙarewa, daga yashi sai raƙuma sai gidan mai. Da muka kusa ƙasar Samudawa, Nura ya gyara murya ya fara karatu, ya ce ƙasar mutanen da aka halaka ba a jan ƙafa a cikinta. Kawu Faisal, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, “yi sauri” kawai ya tsinta a cikin wa'azin, ya taka mota. Kyamarar hanya ta haska mu, tarar gudu ta hau kanmu. Har Tabuka suna gardamar ko laifin malami ne ko na direba. Na leƙa fuskar Alhaji ko zai yi murmushi, na ga taga yake kallo.

A kan iyaka ni na jawo mana zama. Na yi shiri ne irin na mai fita Arfa: kula, risho, tukwane, shimfiɗu, lema, da babbar jarkar Zamzam. Jami'in ɓangaren Jodan ya sa aka sauke komai, ya tsaya yana kallon tulin kaya, ya tambayi Kawu ko ƙaura muka yi. Amma da ya ji abin da ke cikin jarkar sai muryarsa ta sauko. Ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ko za mu ɗan tsiyaya masa. Kafin mu ankara abokan aikinsa sun fito da kofuna, wani ma da murfin filas. Mu da muke wanke fuska da Zamzam ba ma tunanin komai, ranar na ji kunyar kaina. Da a da ne, Alhaji ne zai karɓi jarkar yana zuba musu yana tambayar sunan kakanninsu. Ranar ko fitowa daga mota bai yi ba.

Garin farko da muka sauka Wadi Musa ne, a bakin tsohon birnin Batra. Ba wanda ya gaya mini Larabawa ma suna da sanyi irin na Jos. Na fito da 'yar abayata ta Makka, haƙorana suka dinga haɗuwa, sai da matar mai masauki ta ara mini rigar sanyin mijinta. Shayinsu ana jefa wani ganye a ciki mai ƙamshin magani, kurɓar farko ka ɓata fuska, ta biyu ka nemi ƙari.

Mai masaukin, Abu Salim, ya ce ba za mu bar garinsu ba mu ci mansaf ba. Shinkafa ce da naman rago a babban faranti, a kwarara mata romon nono mai tsami. Nonon kuwa busar da shi suke yi ya zama dunƙule fari mai tauri, da na gani a kicin na rantse kanwa ce. Maza a tsaye suke ci, sun kewaye faranti, hannun hagu a baya, na dama yana mulmula loma. Na ce wa Nura, “Malam, yau ina hukuncin ci a tsaye?” Ya ce baƙo yana bin al'adar masu gida, romo na bin gwiwar hannunsa. Alhaji aka ba shi kujera saboda girma. Abu Salim yana ta tura masa nama gabansa, shi kuma ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. A nan na lura kakana bai iya zama baƙo ba, bai taɓa yi ba.

Batra kam, duk hoton da kuka gani bai kai ba. Ana shiga ne ta wata tsaga a tsakiyar dutse, doguwa mai lanƙwasa, kamar lungun cikin birnin Kano amma bangon ya kusa taɓa sama. Kana cikin tafiya kana tunanin ba za ta ƙare ba, sai ka ga gini ja a gabanka, da ginshiƙai da ado, ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, dutsen aka sassaƙa. Alhaji da Kawu suka hau 'yar motar lantarki. Ni da na shiga ciki na gaji, na ce jaki zan hau. Mai jakin wani ƙato ne da gashi har kafaɗa, kwallin idonsa ya fi nawa. Jakin kuma ya san aikinsa fiye da kowa, duk inda ya ga inuwa nan yake tsayawa. Na yi masa Hausa, na yi masa Larabci, sai da ya ga dama ya motsa.

A gaban wasu ɗakuna da aka fafe cikin dutse Alhaji ya yi maganarsa ta farko mai tsawo. Ya tambayi mai jakin, “Masu gidajen nan fa, suna ina?”

Mutumin ya ce waɗanda suka sassaƙa sun shuɗe tun zamanin da, amma shi kansa a cikin irin kogon nan aka haifi mahaifinsa, daga baya aka gina musu gidajen siminti a kan tudu aka mayar da su.

Alhaji ya jinjina kai. “Su ma an ba su bene ke nan. Allah ya ba babanka haƙuri.”

Na juya na yi kamar ƙura ce ta shiga idona.

Daga nan muka gangara Tekun Gishiri, wanda ake dangantawa da mutanen Annabi Luɗu. Hadiza, ga amsarki. Nura ya ce shi ba zai shiga ba, wa'aztuwa ya zo yi. Ya naɗe wando ya tsaya a baki yana wa'aztuwa, santsin gishiri ya kwashe ƙafarsa. Maimakon ya nutse sai ya taso a rigingine, jallabiya ta kumbura, yana ta salati yana juyawa kamar ƙwarya a kududdufi. Kawu Faisal ya shiga ceto, ruwa ya fantsar masa a ido, ya fito yana ihu da Larabci. Ni hannu kawai na tsoma, wani ɗan yankan wuƙa da na manta da shi ya tuna mini da kansa. Ga Turawa nan kuma sun shafe jiki da baƙin taɓo suna shanya, wai gyaran fata ne. A Kano in babba ya yi haka sai a kira masa mai ruƙiyya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, amma ban ji daɗinta sosai ba, don Alhaji na can ƙarƙashin rumfa da carbinsa, bai ko ɗago ba.

Muka kama haya a garin Madaba, a gidan wata dattijuwa Kirista mai suna Ummu Jiryis, mai tsakar gida da itacen lemo. Da hantsi muka hau Dutsen Nibo. A nan ne ake cewa Annabi Musa ya tsaya ya hangi ƙasa mai tsarki. Akwai tsohuwar coci a sama, an yi wa daɓenta ado da ƙananan duwatsu masu launi, akwai kuma wurin tsayawa a hangi kwari. Ranar hazo ya rufe, Nura yana ta nuna mana Ƙudus da yatsa, ni ban ga komai ba sai fari. Muka zaunar da Alhaji a kan wani dakali. Zuciyata ta gama karaya, ina cewa a raina mun wahalar da tsoho a banza.

Sai ga wata babbar mota ta sauke mutane, maza da mata, duk da anko na atamfa ɗaya, matan da ɗankwali. Suka watse kamar an buɗe wa awaki ƙofa, wasu hoto, wasu banɗaki, jagoransu wani Balarabe yana ɗaga 'yar tuta yana Turanci ba mai jin sa. Wata dattijuwa mai jiki ta zo ta zube a ƙarshen dakalinmu tana haki, ta ce, “Wayyo ƙafata. Yau na ga ta kaina, ina mutanenmu suka yi?”

Wallahi kamar an kunna kakana. Ya juyo gaba ɗaya. “Hajiya, ɓata kika yi? Kwantar da hankalinki, ba a ɓata ina nan.” Ya miƙe ba tare da ya nemi hannun kowa ba, ya fizge lemar da ke hannuna, ya buɗe ta ya ɗaga sama, ya saki muryar da na yi shekaru ban ji ba.

“Alhazai! Yalla, a haɗu nan! Kowa ya riƙe na gabansa! Mata gaba, maza baya! Kai mai hula, ina za ka?”

Mutanen nan suka ji Hausa daga bakin tsoho mai doguwar farar riga da jan mayafi irin na Saudiyya, suka taho da gudu suna dariya. Nan da nan ya jera su, ya gano wata ta rage a banɗaki ya aika aka kira ta, ya sa Kawu ya ɗauko ragowar Zamzam ya ba dattijuwar. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce maƙwabciyarta takan kawo mata duk shekarar da ta je aikin hajji. Jagoran ya naɗe tutarsa ya dafa ƙirji yana godiya. Haka kakana ya zagaya da su wurin da shi ma ranar ya fara gani, Nura yana raɗa masa tarihi yana faɗa da ƙarfi kamar a nan ya girma.

Ni tun daga sarƙar wuyansu mai gicciye na gane masu ziyarar Kirista ne daga Filato. Dattijuwar sunanta Mama Rifkatu, shugabansu kuma Fasto Istifanus. Alhaji bai lura ba, ko kuma ya gani bai haɗa ba. Mutum ne da tun da aka haife shi duk mai jin Hausar da ya taɓa gani alhaji ne. Da suka zo shiga mota ya riƙe hannun faston ya ce, “To in kun gama nan sai Makka ko? Kada ku kuskura ku sauka otal. Gidana za ku sauka, a Misfala, duk wanda kuka tambaya zai nuna muku.”

Fasto ya rusuna ya ce a hankali, “Baba, mun gode ƙwarai. Amma mu Kirista ne, ai ba a barin mu shiga Makka.”

Alhaji ya dubi sarƙar wuyan Mama Rifkatu, ya dubi cocin, ya dubi Kawu. Dokar ai ya san ta tun yana yaro, bai dai taɓa tunanin za ta hau kan mai cewa “wayyo ƙafata” ba. Ga shi kuma gidan da ya ambata ma babu shi. Na ga lemar tana saukowa a hankali. Na ce a raina shi ke nan, mun tashe shi ne don mu sake kayar da shi.

Ya naɗe lemar. Sai ya ce, “Kun yi kwana nawa a ƙasar nan?”

Mama Rifkatu ta ce sun kusa mako.

“Me kuke ci?”

Ai kamar jira suke. Burodi da zaitun, da wani farin abu mai tsami, safe da yamma. Wani dattijo ya ce shi a mafarki ma tuwo yake gani.

Alhaji ya juya wurina. “Ke, akwai risho a mota?” Na ce akwai. Ya ce da fasto, “Gobe da azahar kuna da baƙunta a wurina. Gidan haya ne, amma na kwana a ciki, ya zama nawa. Magana ta ƙare, ba gardama.”

Ku taya ni jin wannan aiki, mutum cike da babbar mota, ni kaɗai da tukwane biyu. Ummu Jiryis da ta ji labari ta fito da tukwanen bikinta, ta buɗe mana tsakar gida. A kasuwa na samu shinkafa mai danƙo, na samu ganyen da suke kira mulukiya, ina shinshinawa na ce wannan ai lalo ne. Matan Filato suka iso tun da hantsi suka ɗaura zani. Muciya ce babu, Kawu ya sayo sabuwar sandar tsintsiya aka kankare aka wanke, Mama Rifkatu da ke kukan ƙafa jiya ta karɓa ta tuƙa tuwon da ban taɓa tuƙa irinsa ba. Ummu Jiryis tana tsaye tana kallon yadda muke kashe shinkafa da duka, tana ta girgiza kai.

Aka yi shimfiɗa a ƙarƙashin lemo. Fasto ya yi addu'arsa, Nura ya yi bismilla, hannuwa suka shiga kwano. Alhaji bai zauna ba. Yana zagayawa, wannan a ƙara masa miya, wancan bai samu nama ba, yana tambayar kowa garinsu da sunan ubansa. Sai da kowa ya ƙoshi ya zauna, ya jawo kwano, ya cinye tas ya suɗe yatsa. Ya kalle ni ta gefen ido.

“Amarya, gishiri bai ji ba. Teku guda kika baro shekaranjiya, ko ɗan ƙulli ba ki yi mana ba.”

Na ce, “Maigidan da bai ba da na cefane ba, ina ruwansa da gishiri?” Na ruga kicin na yi kukana na farin ciki, Ummu Jiryis tana bubbuga bayana ba ta san dalili ba.

Da za su tafi Mama Rifkatu ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Baba, mu ba za mu iya zuwa garinku ba. Amma kai ba wanda ya hana ka zuwa namu. Ka zo Jos, akwai ɗaki, akwai acca, kuma akwai masallaci a bayan gidana.” Alhaji ya yi dariya ya sa mata albarka.

Mun je kogon da ake cewa na Ashabul Kahfi ne kusa da Amman kafin mu juyo, amma kada ku tambaye ni yadda yake, don lokacin Alhaji ya samu wasu 'yan Indunusiya yana jera su. A hanyar dawowa kuwa ba wanda ya samu barci. Labarin alhazan da ya yi wa hidima ya dinga ba mu, da na wani mutumin Gumel da ya ɓata a Muzdalifa aka tsince shi yana sayar da shayi.

Sai da muka kusa gida ya sake yin shiru. Akwai allon nan a bakin hanya kafin a shiga Makka, wanda ke nuna inda wanda ba Musulmi ba zai ratse. Alhaji ya wuce ta ƙarƙashinsa sau ba adadi. Ranar ya ce Kawu ya rage gudu, ya ɗaga kai ya karanta shi har muka wuce. Na shiga addu'a kada shirun nan ya biyo mu bene.

“Faisal,” in ji Alhaji.

“Na'am, Yaba.” Haka yake cewa baba da Larabcinsu.

“Jawaz ɗin nan nawa, fasfon nan, zai kai ni Najeriya?”

Kawu ya dube shi, ya dubi hanya. “Zai kai, Yaba, in an nemi biza.”

“To a nema. An gayyace ni. Na tsufa ina cewa mutane su sauka gidana, bari in je in ga yadda ake sauka a gidan wani.” Ya waiwayo baya inda nake. “Ke amarya, ke kika san ƙasar, ke za ki shige gaba. Ki riƙe ni da kyau, kada ki ɓatar da ni.”

Na ce masa in ya ɓata ma ba komai, duk inda ya yi Hausa a can wani zai ce masa gidana za ka sauka.